Kafin ki ce ya sake ki, duba kalanda

'Yar yayana ta shigo min ido a kumbure, ta riga ta rubuta wa mijinta saƙon ya sake ta, turawa kawai ya rage. Na ce, "Yaushe al'adarki za ta zo?" Ta harare ni. "Haba Gwaggo, me ya haɗa wannan da wancan?"

Ni ma da haka zan ce a zamanina. Duk wata, mako ɗaya ko biyu kafin jini, sai in koma wata mace daban. Ƙarar cokali a faranti ta ishe ni tayar da rigima, in kulle ɗaki in yi ta kuka, in ji gara ma babu ni a duniya. Jini na zuwa, kwana biyu na ware, na shiga bin mutane da ban haƙuri. A irin wannan makon na ajiye aikin da nake so, a irinsa na gaya wa maigidana maganar da har yau tabonta bai goge ba. To, shi ma dai ba waliyyi ba ne, rabin abin da na faɗa gaskiya ne. Kuma wa zai sanar da ni? Sai a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da PMDD, wato irin wannan tsananin fushi da ƙunci na kafin al'ada, kundinsu na cututtuka a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai 2019. Amma fa kalanda tana rataye a bangona duk shekarun nan, ban taɓa ƙirgawa ba.

Ashe sinadaran jikinmu ba su fi na sauran mata yawa ba, ƙwaƙwalwar ce ba ta jure hawa da saukarsu bayan fitar ƙwai.

Na so in jero muku nasihohi, amma ku 'yan yanzu wa ke karanta dogon rubutu? Ki riƙa rubuta yadda kike ji kullum har wata biyu, ki kai wa likita, don babu gwajin jinin da ke nuna shi. Magani akwai: magungunan ciwon damuwa irin su sertraline ko fluoxetine, wasu ma a kwana 14 na kafin jini kaɗai suke sha, wasu kuma a ba su ƙwayar tazarar haihuwa mai drospirenone. Ban ce ki saya wa kanki don kin gani a TikTok ba.

Kada ki yanke babban hukunci a makon kafin jini. Ko da yake in dukanki yake yi, ki manta da kalanda, ki fita. In kuwa tunanin kashe kanki ya zo miki, a ranar za ki je asibiti, babu jiran wata biyu.