Kafin Ka Sa Dif-lok a Ƙafafun Gaba

Matasa da dama da suka sayi Hilux ko Land Cruiser domin aikin ƙauye ko hanyoyin hamada sukan tambaye ni game da sanya dif-lok, wato makullin dif, a ƙafafun gaba, suna ganin da zarar an sa shi mota ta daina maƙalewa ke nan. Shawarata gare ku, ƙannena, ita ce ku dakata ku fahimci aikinsa tukuna, domin ni na sa shi a motata kafin in fahimta, kuma kuɗin gyaran da ya biyo baya ya zarce kuɗin saye.

An ƙera dif, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar hagu da ta dama, domin ya ƙyale tayar da ke waje ta fi ta ciki gudu a lokacin shan kwana, tun da ita ce take cin hanya mai tsawo. Illarsa ita ce ƙarfin da yake raba wa tayoyin biyu daidai yake, saboda haka idan ɗaya ta rataye a iska ko ta faɗa caɓi, sai ta yi ta juyawa a banza, wadda ke kan ƙasa mai tauri kuwa ba ta samun abin da zai fitar da motar. Dif-lok yana haɗe shaf ɗin hagu da na dama su juya tare. A ƙafafun baya wannan da sauƙi, amma ƙafafun gaba su ne na sitiyari, kuma idan aka kulle su sitiyari yakan yi nauyi, motar ta nemi miƙewa alhali kana so ta karkata. Ku duba Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997: a waɗanda suka zo da dif-lok daga masana'anta, maɓallin ba ya kulle gaba sai an fara kulle baya. Wanda bai sa na baya ba tukuna, bai kai ga maganar na gaba ba. Idan kuma yawancin tafiyarka a rairayi ce, irin ta hanyar Agadas zuwa Bilma, rage iskar taya ya fi kowane dif-lok amfani. Inda na gaba yake nuna bajinta shi ne hawan duwatsu da kwazazzabai, inda taya guda take barin ƙasa.

Kuskurena ya fara ne daga zaɓi. Akwai irin da yake kulle kansa duk lokacin da aka taka totur, kamar Detroit Locker, akwai kuma irin da direba yake kunnawa ya kashe da hannunsa, kamar na kamfanin ARB na Ostareliya mai aiki da iskar kwampresa, ko ELocker na Eaton mai aiki da lantarki. Ni na ɗauki wani mai kulle kansa saboda arha, na manta cewa arha ba ta ado. A wani hawa mai duwatsu, sitiyari yana murɗe har ƙarshe, na taka totur da ƙarfi, sai mahaɗin shaf ɗin gaba, wanda ake kira Birfield, ya tarwatse. Wannan mahaɗi yana rasa ƙarfinsa ne daidai lokacin da taya ta karkata sosai, kuma dif-lok yana iya ɗora masa dukkan ƙarfin aksil ɗin shi kaɗai. Motocin da gabansu ba aksil guda ba ne, kamar Hilux na zamani, shaf ɗinsu ya fi wannan laushi. Idan motarka tana tafiya da ƙafa huɗu a kowane lokaci, kada ma ka yi tunanin mai kulle kansa a gaba, domin a kan kwalta zai yi ta fisgar sitiyari. Ka tara kuɗi ka sayi wanda kai ne kake ba shi umarni.

Kafin ka biya, ka san ainihin aksil ɗin da ke ƙarƙashin motarka, domin motocin da suka sha hannu sau da yawa an musanya musu kaya ba tare da mai su ya sani ba. A zare shaf a ƙirga haƙoran da ke bakinsa, a kuma ƙirga na babban giya da na ƙaramin a san rabonsu, ko 4.10 ne ko 4.56 ko 4.88, kuma dole na gaba ya dace da na baya. Shekarar mota kawai ba ta isa hujja ba.

Sanyawa kuwa aikin awo ne, kuma a nan na sake asara, domin na bar wani makanike ya daidaita giya da ido da jin hannu, ba a jima ba dif ya fara kuka. Tazarar da ke tsakanin haƙoran babban giya da na ƙaramin ana auna ta da agogon awo, kuma a dif ɗin Toyota mai inci 8 tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18. A auna ta kafin a kwance tsohon, a mayar da ita yadda take bayan an sa sabon, a shafa wa haƙoran fenti a ga inda suke haɗuwa, a sa sababbin boris, a ɗaure kusoshi da sifana mai nuna iyakar ɗauri. Idan mai iska ne, sai an huda kwandon dif, don haka a wanke garin ƙarfen tas, a gwada ko iska tana zurara kafin a rufe, a kuma nisanta bututun iska da salansa. Makaniken da ba shi da agogon awo, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wani.

Bayan an gama, ka riƙa kunna shi kana tsaye ko kana tafiya a hankali, tayoyi a miƙe, kafin ka shiga wurin da ke da wuya, ba bayan taya ta fara shillo tana watsa ƙasa ba, domin a wannan hali haƙoran makullin kan karye. Da ka fita ka kashe shi, idan kuma ya ƙi saki, ka ɗaga ƙafa daga totur ka ɗan yi baya kaɗan.