Daren Alhamis a Mita 20

Wani tsohon ma'aikacin reluwe ne ya koya mini buga Mos, wato aika haruffa da gajeren sauti da dogo, a Kaduna, mutumin da ya yi rayuwarsa kan tangarahu. Ni a lokacin gyaran rediyo nake yi, kuma abin da ya ja ni shi ne jin cewa da waya mai tsawon mita goma mutum zai iya zantawa da wata nahiya, ba tare da ya biya kowa ko sisi ba. Da na samu lasisi da lambar kira mai farawa da 5N, wadda ita ce alamar Najeriya, sai na yanka wayar gida biyu, mita biyar-biyar, don ta zama eriyar zangon mita 20, na ɗaura gefe ɗaya a darbejiyar ƙofar gida, ɗayan a dogon gora. Maƙwabta sun ɗauka shanya ce.

Na shigo a sa'a. A wajen 1990 ɗigon rana, wato baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana, yana kan ganiyarsa, a zagayen da yake yi duk shekara goma sha ɗaya, kuma shi ne ke ƙarfafa rufin sama da sautin gajeren zango ke dukansa ya dawo ƙasa. Ga shi kuma masu 5N ba su da yawa. Ina buga CQ, wato kiran kowa da kowa, sai Turai ta rufto mini kamar an watsa wa kaji tsaba. Kowa so yake ya karɓi rahoton ƙarfin sautinsa, ya ce 73, wato gaisuwar bankwana, ya wuce. Cikin minti ɗaya an gama da kai.

Mutum ɗaya ne bai wuce ba. Lambarsa ta fara da PY6, wato jihar Bahiya ta Birazil. Ya lura hannuna na rawa, ina cin haruffa, sai ya rage gudu tun ban roƙe shi da QRS ba, ya bi ni a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. Ba ya jin Turanci sosai, ni kuma ko kalma ɗaya ta Fotugis ban sani ba. Gajerun alamomin 'yan rediyo ne suka riƙe mu: QTH garinka, WX yanayin gari, TNX godiya. A wannan harka duk namiji OM ake ce masa, wato tsoho, ko ɗan shekara ashirin ne. Shi dai tsohon gaske ne, don haka na ce masa Baba, ya tambayi ma'ana, ya karɓa.

Muka sa alkawari duk Alhamis, ƙarfe 20:00. Satin farko na zauna da takwas na dare agogonmu, na yi ta kira ba amsa, na kashe na shiga cikin gida da fushi. Ashe agogon GMT yake nufi, tara na dare ke nan a nan. Ni da na tashi da jin "agogon GMT" a bakin masu labarai, ni ne na faɗa wannan rami. Tun daga ranar na rataye agogo na biyu a bango. Sauran darussan ma da tsada na saye su: damina ta farko na bar eriya a jone, tsawa ta ƙona mini kan na'urar, ɗaukewar wuta kuma ta tilasta ni ajiye batirin mota a ƙarƙashin tebur.

Katinsa na QSL, wanda ake aika wa juna don shaidar an haɗu, ya iso gidan waya bayan watanni, da wasiƙa a ciki. Wani malamin makaranta ya taya shi rubutawa. Ya ce da ya ji ni Bahaushe ne sai jikinsa ya yi sanyi, domin sunan Hausawa yana cikin tarihin garinsu, Salbado. Bayin da aka kai can sun shirya bore a 1807, sannan a Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmi bayi da 'yantattu suka yi babban tawayen da ake kira na Male, akasarinsu Yarabawa, da Hausawa a ciki. An samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ban taɓa jin wannan a makaranta ba. Ya ƙara da cewa har yau mata na soya ƙosai da manja a bakin titi, suna kiransa akaraje. Na daɗe riƙe da takardar nan, ina tunanin fiye da kilomita dubu biyar na tekun da sautina ke tsallakawa cikin ƙiftawar ido, wasu kuwa a ɗaure suka ƙetare shi.

A iska ba ma irin wannan hira. Al'adar 'yan rediyo ce a kauce wa siyasa da ciniki, kuma ina ganin ta yi mana rana. Ruwa ya sauka? Hazo ya taso? Yaya jikoki? Iyakarmu ke nan, minti goma ko sha biyar. Da ɗigon rana ya yi ƙasa a wajen 1996, sai a yi sati uku ban ji komai ba sai shuu. Duk da haka ina zama, domin na san shi ma yana zaune.

Kowane mai buga Mos yana da hannunsa, ana gane shi kamar yadda ake gane takun mutum a zaure. Ta hannun na fahimci ba shi da lafiya, bai faɗa ba. Dogayen sautinsa suka fara karyewa, tazarar haruffa ta ƙaru. Na rage gudu ban ce komai ba.

'Yarsa ce ta aiko da labarin rasuwarsa. 'Yan rediyo kan ce makullinsa na buga Mos ya yi shiru. Ta haɗo da hoton wasu shafuka na littafin da yake rubuta duk wanda ya zanta da shi. Na nemi Alhamis ɗin nan ta farko, na same ta: lambata a gefe, gurbin rahoto babu komai, ya fara sauraro 20:00, ya rufe 21:10.