Daga zauren rawa zuwa gaban kyamara

Na shafe shekara 11 ina shirya dararen kiɗan rawa: in kama zaure, in ɗauko DJ, in yi hayar lasifikoki, sannan in tsaya bakin ƙofa ina ƙirga tikiti, gabana yana faɗuwa. Da annobar korona ta sa aka rufe wuraren taro a shekarar 2020, wani darakta da ya saba zuwa tarukana ya ba ni ƙaramin matsayi a fim ɗinsa, na kuwa karɓa saboda zaman banza ya ishe ni.

Ranar farko na sha kunya. Wanda ya saba yi wa ɗaruruwan mutane magana cikin ƙarar kiɗa yakan ɗaga murya yana wurga hannu, alhali idan kyamara ta matso fuska ko ƙiftawar ido ba ta wuce ta, shi ya sa sai da aka maimaita fitowata sau 9. A nan na ga cewa ba a bin jerin labari wajen ɗauka, wuri ake bi, har na yi kukan mutuwar aminina na cikin fim ɗin da safe, da yamma kuma muka zauna da shi muna hira.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin jama'a. A zauren rawa, idan waƙa ba ta karɓu ba, nan take za ka ga fili ya yi sanyi, ka yi wa DJ alama ya sauya. A fim kuwa, 'yan kallo ba za su ga aikin ba sai bayan watanni, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Da na zama furodusa, tsohuwar ɗabi'ata ta zuba komai a dare ɗaya ta cuce ni, domin na ƙarar da kuɗin fim ɗin da nake shiryawa a kwanakin ɗauka, na bar tacewa da gyaran sauti ba ko sisi, fim ɗin ya yi wata 7 a ajiye. Inda sana'ar baya ta yi mini rana shi ne haƙƙin kiɗa. Na riga na san cewa waƙa ɗaya tana da izini biyu, na wanda ya tsara ta da na wanda ya mallaki faifan, don haka tun kafin mai tacewa ya ɗora ta a kan hoto na sa kowannensu ya sa hannu a kwantiragi.