An ɗora Windows amma kwamfuta ta ƙi tashi: kada a yi saurin zargin faifai

An gama ɗora Windows lafiya, an zare filash, kwamfuta ta sake kunnuwa, sai ga baƙin allo da rubutun "No bootable device". Nan take wasu masu gyara kan ce faifan ajiya ya mutu, su sa mai kaya sayen sabo. Wannan asarar kuɗi ce. Faifan da ya karɓi Windows tun daga farko har ƙarshe da wuya ya zama shi ne mai laifi. Galibi saɓani ne tsakanin tsarin faifan da hanyar da kwamfutar ke bi ta tashi.

Tsarin raba faifai iri biyu ne, GPT da MBR, hanyar tashi ma biyu ce, UEFI da Legacy. Faifai mai tsarin GPT da UEFI yake tashi, mai MBR kuma da Legacy, wanda wasu injina ke kira CSM. Windows tana bin hanyar da filashi ya tashi da ita lokacin ɗorawa. In ya tashi a Legacy, daga baya kwamfutar ta koma UEFI, ba za ta ga komai ba.

Ka mayar da filashin ka tashi da shi, ka danna Shift da F10 don buɗe tagar rubuta umarni, ka rubuta diskpart, sannan list disk. In akwai tauraro a ƙarƙashin Gpt, faifan GPT ne. Sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunnawa, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka daidaita hanyar tashi da tsarin faifan. A UEFI, "Windows Boot Manager" za ka sa a sama, ba sunan faifan ba.

In sun dace amma shiru, fayilolin tashi ne suka ɓace. A faifan GPT, suna zama a wani ɗan ɓangare mai tsarin FAT32, kimanin MB 100. A cikin diskpart ka rubuta list vol, ka zaɓe shi da select vol da lambarsa, sai assign letter=S, sai exit. Daga nan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A kula, a nan Windows ba lallai ta kasance a C ba. Ka gwada dir D:\Windows tukuna; in a nan take, ka sa D a madadin C.

Kwamfuta mai faifai biyu tana da nata tarkon: Windows kan zuba fayilolin tashi a tsohon faifai, ranar da aka cire shi sabon ya ƙi tashi. Shi ya sa ake cire sauran kafin ɗorawa.

A tsofaffin kwamfutoci, kada a manta da ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saitin BIOS. In ya mutu, agogo kan rikice, saitin BIOS ya koma na kamfani duk lokacin da wuta ta yanke. Har saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke haɗuwa da faifai, kan sauya tsakanin AHCI da RAID, sai shuɗin allo ya fito da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Sai BIOS ta kasa ganin faifan bayan an sake zaunar da shi an canza waya, ko yana ƙarar ƙwas-ƙwas, sannan za a yi maganar sabo.