Na karanta aikin banki, yau ina lissafin boris da kulochi a Magazin

Ranar da na karɓi digirina a Tech, wato jami'ar KNUST da ke Kumasi, a 2017, Mma ta dafa wake da shinkafa ta raba wa layinmu kaf a Aboabo, duk wanda ya zo barka sai ta ce masa ɗanta zai shiga banki. Ni ma haka na sa a raina tun shekarar farko, har kwat na ɗinka a Adum da taye guda biyu. Baaba ne kawai bai ce uffan ba, shi dama tun farko maganar kuɗin ruwa ba ta kwanta masa ba, amma ganin wahalar da Mma ta sha da tukunyar koko kafin a biya kuɗin makaranta sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

To a watan Agustan shekarar nan ne babban bankin Ghana ya janye lasisin bankunan UT da Capital, shekara ta zagayo aka haɗe wasu bankuna 5 suka koma Consolidated Bank. Wato lokacin da muke fitowa da takardunmu muna neman ƙofar shiga, waɗanda suka yi shekara goma a ciki su ake sallama. Wallahi ko a jikina, gani nake wannan matsalar wasu ce. Na yi sabis ɗina, wato bautar ƙasa, a wani ƙaramin kamfanin ba da rance, ana ba mu alawus sidi 559, da na gama suka riƙe ni ina bin kasuwa ina karɓar susu, wato kuɗin ajiya na kullum, a hannun mata ƴan tumatur da masu kanti. Da aka buɗe NABCO, shirin gwamnati na ba masu digiri aiki, a 2018 abokaina suka cika fom don sidi 700 a wata, ni kuwa har tsiya nake musu, ai ni ina da ofis.

Ƙarshen Mayu 2019 aka janye lasisin irin waɗannan kamfanoni 347 rana ɗaya, namu na ciki. Na zo aiki da tayena na tarar da kwaɗo a ƙofa da matan da nake karɓar kuɗinsu tsaye cirko-cirko, kuma ni suka sani, ba su san wani manaja ba. Wannan ranar ba na son dogon bayani a kanta.

Wata bakwai ina zaune. Da safe in aika si-bi na neman aiki, da yamma in tafi bes, wato majalisarmu ta samari, mu sha attaya mu zagi gwamnati mu zagi masu hanya. Na gwada kiyos ɗin MoMo, na tura kuɗi da cirewa ta waya, na wata biyu, jarin bai taka kara ya karya ba, mutum biyu suka cire kuɗi mai ɗan kauri shi ke nan ka tashi aiki, na rufe. Duk tsawon lokacin nan kawuna, ƙanin Mma, mai shagon kayan gyaran mota a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, yana aiko min da saƙo in zo in riƙa duba masa littafi. Ni? Da digiri in je in zauna cikin baƙin mai da ƙarar guduma? Sau uku ina ce masa "to kawu, zan shigo" ban je ba. A na huɗun da kansa ya zo gida bayan sallar isha, ya ce "ɗana, ba cewa na yi ka ɗauki sifana ba, alƙalami za ka riƙe, in banki sun kira ka gobe ka tafi, ni zan biya maka kuɗin mota." Kunya ce ta kai ni Magazin a Janairun 2020, ba wani hangen nesa ba, gara in faɗi gaskiya.

Abin da ya miƙo min littattafan ƴan makaranta ne guda tara, duk sun sha mai, an rubuta bashi da biro kala-kala, wani wurin da boko wani wurin da ajami, wani sunan ma ba suna ba ne, sai ka ga "mai Sprinter ja" ko "yaron masta na bayan masallaci". Ina cikin kokawa da su aka rufe Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris saboda korona, sati uku ba fita, sai na kwaso su gida na zauna da tsohuwar laftof ɗina na zuba komai a Excel, in na kasa gane wani abu in kira kawu ya fassara. A nan na ga kuɗinsa da ke hannun mutane ya kusa kai kimar kayan da ke kan kanta. Mutumin da kullum yake cewa kasuwa ba ta tafiya, ashe kasuwa na tafiya, kuɗin ne ba sa dawowa.

Sai kaina ya kumbura. Na rubuta saƙo irin na ofis, adadin bashi da ranar biya, na tura wa kowa ta WhatsApp, har da wani tsohon fita, wato makanike, da suke mu'amala da kawu tun kafin a haife ni. Tsohon nan bai ba da amsa ba, washegari ya aiko yaronsa da kuɗin cif-cif, daga nan kuma ya koma sayayya a shagon da ke kallon namu. Kawu bai yi min faɗa ba, ya sayi goro ya ce in biyo shi, muka je na durƙusa na ba da haƙuri da guntun Twi ɗina. A hanyar dawowa yake gaya min shi fita ba ya biya sai mai mota ya biya shi, mai trotro, wato motar haya, kuma sai ya yi lodi, don haka in ka san wane ne ke bin wane za ka san ranar da za ka leƙa gaisuwa, kuɗin da kansu za su fito. A kwas ɗinmu mun yi darasin tantance wanda za a ba rance, na ma ci shi da kyau, amma babu inda aka ce a tafi da goro.

2022 ce shekarar da na san karatuna bai tafi a banza ba. Dala tana sidi 6 da ɗoriya a farkon shekara, kafin Nuwamba ta ƙare ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Kawu kuma al'adarsa ya duba nawa ya sayo kaya ya ɗora ribarsa ya sayar, yana ganin ya ci riba, sai an koma sari a ga kuɗin katan biyu na boris ko ɗaya ba sa saye. Na ce kawu, farashin da za mu sake sayo kayan shi za mu riƙa dubawa, ba na da ba. Ya ce wannan ai cutar mutane ce. Mun fi sati muna ja, har sai da na zauna na nuna masa da alƙalami cewa a haka kafin azumi kanta za ta zama wayam alhali littafi na cewa riba. Ya yarda, amma da sharaɗi, tsofaffin kwastomominsa a yi musu ragi, bashi kuma kada ya wuce sati biyu. Shaguna da yawa a layinmu suka ragu zuwa rabi a shekarar, namu ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da na gano a makare shi ne wai ni banki nake so, alhali abin da na iya lissafin kuɗi ne, kuma shi wannan duk inda kuɗi ke shiga suna fita ana buƙatarsa, ko da esi ko babu. Shekara huɗu a jami'a ban taɓa raba biyun ba. Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka duk abin da aka miƙo maka ka karɓa da sunan sassauci. Wata shida na farko kawu kuɗin abinci da na mota kawai yake ba ni, don a ganinsa ɗa ba ya karɓar albashi a shagon gida, sai da na cire kunya na sa Mma a tsakani aka yanka min abin wata. Da na yi shiru da har yau ina nan a haka. Kuma akwai abin da na rasa, abokaina biyu da suka daure suna aika takarda sun samu shiga banki daga baya, suna da fanshon SSNIT da inshorar asibiti ta ofis, ni nawa sai na tashi na biya da kaina, wani watan kuma in manta.

Yanzu shaguna shida nake riƙe wa littafi, har da na wani mai homyus, wato kayan gwanjo na ƙasar waje, da ke sauke inji daga Tema, in lokacin haraji ya yi ni ke shirya musu takardun hukumar haraji GRA, tunda yanzu lambar Ghana Card ita ce lambar haraji abin ya ɗan yi sauƙi. Ina kuma karatun jarrabawar akanta ta ICAG da dare, a hankali, takarda ɗaya-ɗaya. Bara wani banki ya kira ni intabiyu, na je, na ji albashin matakin farko, na lissafa da abin da nake samu, na yi musu godiya. Baaba da ya ji sai da ya yi murmushi.

Mma dai har gobe ba ta sauka daga maganarta ba. Rannan ina shigowa gida da baƙin mai a hannun riga na ji wata baƙuwa tana tambayarta ina ɗan nan nata yake aiki yanzu, ta ce "yana nan yana aikin bankinsa, a Magazin."