Hula babu tambari

Sana'ata ita ce saye da sayar da katunan 'yan wasan besbol a wani ɗan shago da ke Bronx, a birnin New York, kuma babu abin da ya juya kasuwarmu kamar maganar lasisi. Tun daga 2010 hukumar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta bai wa kamfanin Topps shi kaɗai izinin buga tambarin ƙungiyoyi a jikin kati. Masu bugawa irin su Panini sai suka koma fitar da hoton ɗan wasa da hula fayau, babu alamar ƙungiyar Yankees ko ta Dodgers, kuma wanda ya san kan kati yana ganin wannan hular zai rage tayi. A 2021 kamfanin Fanatics ya ƙulla yarjejeniyar karɓe lasisin, a farkon 2022 kuma ya saye ɓangaren katuna na Topps ɗin.

Dattijon da ya koya mini aikin ya sha ba ni labarin 1981, lokacin da kamfanonin Fleer da Donruss suka shigo kasuwa bayan hukuncin kotu da ya karya kaka-gidan da Topps ya yi, da kuma 1989, da kamfanin Upper Deck ya zo da farar takarda mai kauri, katin ɗan wasa Ken Griffey Jr. yana lamba ɗaya a jerin katunan. A ganinsa, kuma a nawa, gogayya ce take tilasta wa mai bugawa ya gyara aikinsa.

A hannunsa na koyi duba kati ta fuska huɗu: daidaiton hoto a tsakiya, kaifin kusurwa, lafiyar gefe, da tsabtar fuska. Nakan sa gilashin ƙara girma a ƙarƙashin fitila in bi ɗigon tawada, domin baƙin rubutun tsohon kati na asali a cike yake, na jabu kuwa a warwatse. Wanda aka datse wa gefe da reza don ya yi kyau, ma'auni ne yake tona masa asiri. Tun da wani katin ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a 2022, masu kawo mini jabu sun ƙaru, kowa da rantsuwar cewa gadon kakansa ne.

Damuwata ta kullum ita ce dillalin da nake saro kaya a wurinsa. Da yake mashiga ɗaya ce, sai ya yi mini alkawarin kwali goma ya aiko da uku, bayan na riga na karɓi kafin alƙalamin mutane, kuma babu wani kamfani mai tambari da zan koma wa.