Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ni da Tsintsiya a Palestra

Makon jiya mun tsaya ne a inda kuɗin tallafin karatu ya maƙale a gida, ga kuma hunturun 1983 ya kankama a Filadelfiya. Wani ɗan ajinmu ya ga halin da nake ciki, ya samo mini aikin wucin gadi: shara a ɗakin ƙwallon kwando na Jami'ar Pennsylvania, wanda ake kira Palestra, a titi na 33, dab da filin Franklin.

In ka gan shi daga waje ba za ka saye shi ko sisi ba, jan bulo ne kamar tsohon siton gyaɗa na Kano. An buɗe shi ran 1 ga Janairu, 1927, kuma a wasan farko masu gida suka ci Yale 26 da 15. Gwanintar maginan tana rufin: ƙarafa ne aka lanƙwasa suka ɗauke shi, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da zai tare wa mai kallo ido. Bencina sun gangaro har bakin fili, ba shinge, mutum kusan dubu tara a matse. In suka kaure da ihu, a ƙirjinka kake jin sa kafin kunne. A nan aka buga wasannin shiyyar gabas na karon farko na gasar NCAA, wato gasar zakarun jami'o'in Amurka, a 1939.

Tun 1955 jami'o'i biyar na yankin, wato Penn (Jami'ar Pennsylvania), Temple, La Salle, Saint Joseph's da Villanova, suka ƙulla yarjejeniyar karawa da juna a wannan ɗaki, sau da yawa wasa biyu a dare guda. Gaba ce ta 'yan gari ɗaya, wadda ta fi kowace zafi. Ɗalibai kan warware doguwar takarda ɗauke da habaici ga abokan hamayya, su miƙa ta hannu zuwa hannu har ƙasa, sannan su yayyage ta.

Amma abin da ya shafe ni shi ne zirin takardu masu launi. Da zarar ƙungiya ta jefa ƙwallonta ta farko a kwando, sai magoya bayanta su yi ruwansu cikin fili. Alƙali ya hura usur, mu kuma mu ruga da manyan tsintsiyoyi, dubban idanu a kanmu, 'yan wasa na jira hannu a ƙugu. Dattijon da ke shugabantarmu ya fi shekara talatin a wurin, bai yarda da gaggawar da za ta bar ko ƙyalle ba, don takarda ɗaya ta isa ta kayar da ƙato. Ni dai har gobe ina ganin hana al'adar da aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ya rage wa wasan armashi, ko da yake bayana ya huta.

Na rubuta wa Inna cewa na samu aiki a sashen wasanni. Amsarta ta iso ta hannun ƙanena: "Allah Ya yi albarka, ɗan nan. Kawunka na tambaya ko sun ba ka mota." Wasiƙar ta daɗe a aljihuna ina neman yadda zan amsa wa Kawu.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai labarin daren 1985 da Villanova ta kayar da Georgetown ta ɗauki kofin gasar jami'o'in Amurka, da yadda hayaniyar ta rutsa da ni a tashar jirgin ƙasa.